Malama Rhoda da Ajin da Ba a Yi wa Jere Ba

Ranar Litinin da hantsi hedimasta ya aika a kira Malama Rhoda. Ta ajiye alli, ta karkaɗe hannu a jikin zaninta, ta tafi ofishinsa. Ta iske shi a tsaye da takarda a hannu. Bai zauna ba, bai kuma ce ta zauna ba, sai ta san maganar ba ta daɗi ba ce.

"Malama, ranar Alhamis mai duba makarantu zai zo. Ajinki kaɗai zai shiga."

"Ajina kaɗai?"

"An ce zango biyu ke nan yaranki suna faɗuwa jarrabawa. An kuma ce muryarki ta tafi. In ya zo ya tabbatar da haka, za a cire ki daga aji a mayar da ke ofis."

"Wa ya ce?"

Ya dubi takalminsa. "An dai ce."

Wannan hedimasta, Malam Ɗayyabu, ɗalibinta ne. Ita ta koya masa riƙon fensir tun yana share majina da bakin riga, saboda haka ta san abin da duban takalmin nan yake nufi. Shi ya rubuta rahoton, don an matsa masa ya faɗi dalilin faɗuwar yara. Ta kuma san abin da ake kira mayar da malami ofis. Wani benci ne a baranda, inda malaman da aka gama da su suke zama daga safe zuwa azahar, su sa hannu su koma gida. Shekara uku suka rage mata ta yi ritaya, kuma ba ta yi niyyar ƙarasa su a kan bencin nan ba, ana nuna ta ana cewa ga wadda ajinta ya lalace a hannunta.

A Kazaure aka haifi Rhoda. Mahaifinta malamin asibiti ne da aiki ya kawo shi daga kudancin Kaduna, ya zauna har ya mutu. Ta yi makarantar horon malamai, aka tura ta wata firamare a wani ƙauye da ke gefen hanyar Roni, ta kama haya a garin, ba ta sake tashi ba. Mijinta Michael makaniken babur ne, ya rasu shekara tara da suka wuce. 'Ya'yanta biyu suna Kano, kullum maganarsu ɗaya ce, ta bar aikin nan ta zo ta huta. Ita kuwa takan ce in ta gaji za su ji.

Abin da aka san ta da shi a garin shi ne ba ta ɗaga murya. Shekara talatin ta yi a tsohon aji na ginin ƙasa, mai rufin azara da bango mai kauri. A ɗakin nan in ta ce "ku buɗe littafi" a hankali, yaron da ke kusurwar ƙarshe ya ji. Iyaye da yawa a garin ta hannunta suka wuce, kuma har yau in ta yi gyaran murya a bakin kasuwa sai ka ga magidanci ya gyara tsayuwa.

Sai damina ta ci tsohon ginin, bango ɗaya ya tsage, aka kawo sabon gini mai aji biyu. Rufin kwano ne mai tsawo, bango ya sha filasta sumul, daɓen siminti, tagogi da ƙofa duk na ƙarfe. Ɗan kwangila ya tafi bai sa silin ba, ya ce yana hanya. Bangon da ya raba ajin biyu kuma bai kai rufi ba, ya tsaya inda katako ya fara, ya bar kafar da ƙaton mutum zai iya rarrafawa ya wuce. Ranar buɗewa aka yi tafi, ɗakin ya ɗauka ya mayar, mutane suka ji daɗi. Wani dattijo har cewa ya yi, "Ji yadda yake amsawa! Ginin zamani ke nan."

Aka ba Malama Rhoda ɗaki ɗaya da yara tamanin da bakwai 'yan aji huɗu. Ɗayan aka ba Malam Daudu da 'yan aji uku. Malam Daudu mutumin kirki ne, amma muryarsa kamar lasifikar mai tallan magani take, kuma koyarwarsa duk ta amshi ce, ya faɗa yara su maimaita da ƙarfi. Duk abin da aka yi a ajinsa ta kafar nan yake tsallakowa, ya bugi kwano ya zubo a kan yaranta.

Tun makon farko ta fara abin da ba ta taɓa yi ba, ihu. In ta ce kalma ɗaya, kafin ta faɗi ta biyu ta farkon ta bugi bango ta dawo ta hau kanta. Yara su ja benci, ƙarar ta daɗe tana yawo. Tana ƙara murya, ɗakin yana ƙara amsa-kuwwa. Kafin hutun Kirsimeti muryarta ta dishe. Ta sha citta, ta sha zuma da lemun tsami, ta tauna kanumfari har ya ishe ta. Ta daina waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Likita a Kazaure ya leƙa maƙogwaronta ya ce maganin ɗaya ne, ta daina ihu. Ta ce masa ya zo ya riƙe mata ajin na kwana ɗaya.

Makarantar tana da wata al'ada tun kafin Rhoda ta zo. Bayan kowace jarrabawa ana zaunar da yara bisa matsayinsu, na ɗaya a bencin gaba, na ƙarshe a jikin bangon baya. Layin baya har suna gare shi, layin daƙiƙai. A tsohon ɗaki abin bai cuci kowa ba, domin ko'ina ka zauna kana ji, in ka yi ƙoƙari ka dawo gaba. A sabon ɗaki kuwa, wanda ya je baya ya tafi ke nan.

Akwai wata yarinya Sa'adiyya, jikar Hajja Kaka maƙwabciyar Rhoda mai sayar da tabarmi. Yarinyar tana cikin biyar na farko a aji uku, sai zazzaɓi ya hana ta jarrabawar ƙarshe, aka zaunar da ita a baya. Zango ɗaya ta koma kamar ba ita ba. A tambaye ta, ta zuba ido. Rhoda da bakinta ta taɓa ce mata, "Ke kurma ce?" Yara suka ɗauka, sunan ya bi ta har gida.

Wata rana maƙogwaro ya hana Rhoda magana sam. Ta ba monita littafi ya karanta wa aji, ita kuma ta je baya ta zauna kusa da Sa'adiyya don ta huta. Ta ga bakin monita yana motsi. Ta ji ƙara ta cika ɗaki. Amma kalma ɗaya ba ta iso ta a tsaye ba, duk sun narke sun haɗu da "uku sau huɗu" na ajin Malam Daudu. Ta juya ta dubi yaran layin. Wani yana gyangyaɗi, wata tana kwafar littafin ta kusa da ita, wadda ita ma kwafa take yi. Sa'adiyya ta kafe bakin monita da ido, tana ƙoƙarin karanta leɓensa.

Ta kai maganar ga Ɗayyabu. Ya zo ya tsaya a gaban allo, kusa da teburinta, ya saurara. "Malama, ni kam ina jin ki sarai," in ji shi. Duk wanda ya taɓa shiga ajin, a nan yake tsayawa. Babba ba ya zuwa layin baya.

Dabarar ta zo mata a inda ba ta zata ba. Hajja Kaka ta aurar da autarta Ummi Kulsum, wadda ta gama makarantar ungozoma, aka tafi jere Kazaure. Da safe mata suka shiga sabon ɗaki wayam, kowa tana magana, ba mai fahimtar wata, ɗakin sai kuwwa yake. Aka shigo da gado da katifa, aka shimfiɗa kafet, aka rataye labulaye, aka jera kujeru. Wajen la'asar Rhoda tana wannan kusurwa ta ce a miƙo mata ƙusa, da 'yar dishashshiyar muryar nan tata, sai wata mata da ke can bakin ƙofa ta juyo ta miƙo. Rhoda ta tsaya da ƙusar a hannu tana kallon labule.

"Ke kuma lafiya?" in ji Hajja Kaka. "Ko gadon ne ya ba ki sha'awa? Faɗa mini in nemo miki wani tsoho."

"Ki riƙe tsohonki, Hajja. Tabarmi nawa gare ki waɗanda rana ta cinye, ba sa sayuwa?"

"Me za ki yi da su?"

"Ajina zan yi wa jere."

Asabar biyu aka yi ana aikin. Hajja Kaka ta ba da tabarmin kaba goma sha shida, wasu sun koɗe, wasu ɓera ya taɓa. Lokacin ɓarar gyaɗar iri ne, sai iyaye suka kawo ɓawo buhu-buhu. Malam Daudu ya hau tsani ya jera buhunan a kafar da ke saman bango har ta toshe, yana yi yana cewa shi bai taɓa jin wata hayaniya ba. Aka shimfiɗa zana a kan katakon rufi, ƙarƙashin kwano. Tabarmin aka rataye su da ƙusa a bangon baya da gefe biyu. Ajin ya koma kamar rumfar kasuwa. Amma ranar Litinin da ta ce "ku zauna", layin baya suka zauna tare da na gaba.

Mako uku ke nan da yin haka takardar nan ta zo. Ba a yi wata jarrabawa ba tukuna, saboda haka ba ta da abin nunawa sai ɗakin kansa. Ta ƙudurta mai duba makarantu zai zo ya ga jeren, ta yi masa bayani.

Ranar Alhamis ta iso da wuri, ta tura ƙofar aji. Ƙarar ƙofar ta yi yawo a ɗakin ta dawo mata. Bango fes, sai ƙusoshi. Ba zana, ba buhu, kafar nan a buɗe tana kallonta. An wanke daɓe. A gefen allo kuma an ajiye wata kujerar kushin da aka aro daga gidan mai gari.

Ta sami Ɗayyabu a baranda yana gyara hula.

"Ina tabarmina?"

"Suna sito, Malama. Jiya bayan an tashi na sa aka kwashe. Babban baƙo zai zo ya ga sabon gini an mayar da shi shagon mai tabarmi? Sai a ce ba mu iya riƙon kayan gwamnati ba."

"Ɗayyabu."

"Wallahi don ke na yi. Na gaya wa Malam Daudu yau ajinsa rubutu kawai za su yi, ko tari kada a ji. Kujerar baƙo kuma ga ta nan kusa da ke. Zai ji ki sarai."

"To in ya ji ni sarai, ya ga ɗaki lafiya lau, ya buɗe sakamakon yara, laifin wa zai ce?"

Ya sake gyara hularsa. Daidai nan ƙarar mota ta taso daga bakin hanya, ya gangara da sauri ya tafi tarya.

Mai duba makarantun sunansa Malam Dunoma, dattijo ne dogo mai furfura a gemu, da fayil a hammata. An san shi da rashin son wasa, kuma abin da ya rubuta ba a cika canza shi ba. Ya shigo aji, Ɗayyabu a bayansa. Yara suka miƙe suka yi gaisuwa da ƙarfi, kwano ya ɗauka. Daga ajin Malam Daudu ko motsi babu. Malam Dunoma ya amsa gaisuwar Malama a taƙaice, ya nufi kujerar kushin, ya tattara babbar rigarsa zai zauna.

Rhoda ta riga shi. Ta kama kujerar ta baya ta ja. Kujerar tana da nauyi, ita kuma ba yarinya ba ce, sai ƙafafun suka riƙa kartar siminti tana jan ta ta tsakanin bencina, ƙarar tana cika ɗaki. Ba wanda ya taimaka mata. Ta kai ta jikin bangon baya, kusa da Sa'adiyya, ta tsaya tana haki.

"Malama!" in ji Ɗayyabu.

"Ranka ya daɗe," ta ce da baƙon, "yau a nan za ka zauna."

Malam Dunoma bai motsa ba. Hannunsa yana riƙe da rigar yadda ya tattara ta. Ya yi koyarwa shekaru kafin ya hau wannan matsayi, ya san sunan layin.

"A layin daƙiƙai za ki zaunar da ni?"

"A nan waɗanda suka faɗi suke zama, ranka ya daɗe."

"Ke aka turo ni in duba."

"To daga nan ake duba ni."

Rhoda ta san in mutumin nan ya juya ya fita, magana ta ƙare, kuma ban da rashin murya za a ƙara mata da rashin ladabi. Ta dafa kujerar tana jira. Malam Dunoma ya dube ta, ya dubi hedimasta, wanda ya koma duban takalminsa. Sannan ya saki rigar, ya tako a hankali har baya, ya zauna, ya ɗora fayil a cinya.

"Bismillah. Ina sauraro."

"Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe."

Ta fita ta leƙa ajin maƙwabta. Malam Daudu yana zaune ya haɗa tagumi, yaransa sun duƙufa a kan littattafai kamar masu zaman makoki.

"Malam Daudu, yau ba karatu?"

"Umarni aka ba ni, Malama. Ki rufa mini asiri."

"Ba kai ka fara ba, ni ce." Ta juya ga yaran. "Biyu sau ɗaya?"

"Biyu!" Tun safe a matse suke, sai suka ɓarke. Biyu sau biyu, biyu sau uku, ba mai tsayar da su. Malam Daudu ya ɗaga kafaɗa, ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya shiga ba su amshi, tunda dai an riga an fara.

Rhoda ta dawo gaban allo. Ta ce kowa ya ɗauki abin rubutu, za ta faɗi lissafi goma a rubuta, har da baƙo in ya yarda. Malam Dunoma ya zare biro. Ta fara karantawa daga littafi da iyakar abin da maƙogwaronta zai iya. Tana gani ya karkato da kai, ya sa hannu a bayan kunne, ya rubuta, ya soke. Da ta gama ya ɗaga takardar.

"Biyu na samu cikin goma," ya ce da ƙarfi, don a ji shi. "Abin da aka faɗa gaskiya ne, Malama. Muryarki ta tafi."

Ya buɗe fayil ya fara rubutu.

Ta juya ga Ɗayyabu ta miƙa masa littafin. "Hedimasta, taimaka ka karanta goma na gaba. Kai muryarka lafiya lau take."

Bai karɓa ba. Idonsa yana kan baƙo, yana neman alamar abin da zai yi.

"Ɗayyabu," ta ce, a hankali, yadda take kiransa a aji ɗaya. "Karɓi littafin nan."

Ya karɓa. Ya gyara tsayuwa ya fara, muryarsa cikakkiya ta namiji mai shekara arba'in. Malam Dunoma ya dakatar da rubutun fayil, ya koma kan takardar.

"Ɗaga murya," in ji shi bayan na uku.

Ɗayyabu ya ɗaga. Ɗakin ya ɗauka ya dama da "bakwai sau shida" da ke zubowa ta kafar sama.

"Na ce ka ɗaga, ba ka yi mini tsawa ba. Rarrabe kalmomin!"

"Ina rarrabewa, Yallaɓai!"

Da aka kai goma jijiyar wuyan hedimasta ta tashi, yana gumi. Malam Dunoma ya daɗe yana kallon takardarsa. Huɗu ya samu. Ya leƙa littafin Sa'adiyya da ke kusa da shi, ya ga ita biyar ta samu, domin ta saba da karanta baki. Ya miƙe ya zo gaba, ya karɓi littafin, ya nuna wa Ɗayyabu kujerar kushin.

"Je ka zauna."

Wannan ne karon farko da hedimasta ya zauna a layin baya na ɗakin. Malam Dunoma ya karanta lissafi uku kawai ya tsaya. Bai tambayi Ɗayyabu nawa ya ji ba, fuskarsa ta isa. Sai dattijon ya riƙa bin bango da kallo, ya ɗaga kai ya dubi kafar da kwano, ya dawo kan bango.

"Ƙusoshin nan na mene ne?"

Rhoda ta gaya masa, tun daga ɗakin amarya har buhunan ɓawon gyaɗa. Ba ta ƙara komai ba, ba ta kuma faɗi wanda ya kwashe ba.

"Yanzu suna ina?"

"Suna sito, Yallaɓai," in ji Ɗayyabu daga baya. "Ni na sa aka cire. Na ga kamar bai dace baƙo ya gani ba."

"Abin da ya dace in gani shi kuka ɓoye. A ɗauko."

Aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka fita. Malam Daudu ya hau tsani, maigadi yana miƙa masa buhu. Ɗayyabu ya cire hula ya shiga rataye tabarmi da hannunsa. Zana ba ta samu hawa ba, aikinta na yini ne. Da yara suka dawo Malam Dunoma ya koma baya ya zauna ba tare da an ce masa ba, ya aika a gaya wa Malam Daudu ya ci gaba da amshinsa yadda ya saba.

Rhoda ta buɗe sabon shafi. Muryar da ta rage mata kaɗan ce, safiyar ta cinye sauran. Ba ta yi ihu ba, don ko ta so ba za ta iya ba. Ta karanta ɗaya bayan ɗaya, tana jin amshin maƙwabta can ƙasa-ƙasa kamar daga wani gida. Ba ta ɗaga kai ta dubi baya ba har ta kai na goma.

"Takwas," in ji Malam Dunoma. Ya sake leƙa littafin yarinyar. "Wannan kuma tara. Yaya sunanki?"

"Sa'adiyya."

"Me ya kawo ki layin nan?"

Wani daga gaba ya ce, "Kurma ce, Yallaɓai," aka yi dariya.

"Ni na fara kiranta haka," in ji Rhoda. "Kuskurena ne. Daga yau wanda ya sake faɗa, ni da shi."

Malam Dunoma ya yage shafin da ya fara rubutawa a fayil, ya ninke ya sa a aljihu, ya rubuta wani. Bai yabe ta ba. A baranda, da zai tafi, ya tsaya ya ce, "Malama, za ki zauna a ajinki. Zan rubuta a zo a sa silin a ƙarasa bangon nan, amma ban yi miki alkawarin rana ba. Abu ɗaya kuma. Kada ki sake janye wa baƙo kujera a gaban yara."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Na san kin ji. Ban ce kin yarda ba."

Bayan mako biyu takarda ta zo, an bar ta a aji. Ɗayyabu ya yi kusan wata guda yana kauce mata, in ta biyo ta gabas ya bi ta yamma. Daga baya ya tara malamai ya sanar cewa ya yi tunani, daga yanzu an daina zaunar da yara bisa matsayi, kowace Litinin layin baya zai dawo gaba, sauran su matsa. Ya faɗe shi kamar shi ya ƙirƙiro. Rhoda ta sa hannu a takardar taro ta koma aji.

A jarrabawar zango na uku ajin bai zama na ɗaya ba, amma waɗanda suka faɗi sun ragu da fiye da rabi, Sa'adiyya ta zo ta bakwai. Muryar Malama Rhoda ba ta dawo yadda take ba, likita ya ce da wuya ta dawo, kuma ba ta koma waƙa a coci ba. Silin har yau yana hanya. Ɓeraye sun gano buhunan ɓawon gyaɗa, saboda haka duk shekara sai an sauke an sake, kuma Hajja Kaka tana mita cewa makarantar gwamnati ta cinye mata tsofaffin tabarmi kaf. Bana Malam Daudu ya zo ya tsaya a ƙofar ajin yana sosa ƙeya, muryarsa ta fara dishewa, ya tambaya ko akwai sauran ƙusa.